Tsakanin Katanga da Katanga: Mas'alar Gini a Garin Gaya

Tun zamanin magabata malamai suke kai da komowa a kan hukuncin gini, watau ko mutumin da Allah ya hore wa dukiya, ya ɗebe ta ya zuba a cikin ƙasa da dutse, ya aikata abin yabo ne, ko kuwa ya ɗauko wa kansa abin da za a tsayar da shi a kai ranar hisabi. A da, sa'ad da gidajen gari duka na laka ne da azara, na attajiri bai ɗara na talaka ba sai da yawan ɗakuna da kyawun yaɓe, akan karanta wannan babi a zaure a wuce shi ba mai tambaya; amma yau mas'alar ta fita daga cikin littafi ta zo ta tsaya a bakin titi a garin Gaya na Nijar, inda da wuya mutum ya ratsa unguwa bai yi kiciɓis da tarin yashi da bulo a ƙofar wani ba, ko bai ji ƙarar masu walda suna haɗa ƙyauren wani ba.

Dalilin wannan bunƙasa ba ɓoyayye ba ne. Allah ya ajiye garin a gaɓar kogin Kwara, Malanbil ta ƙasar Benin tana tsallake, Kamba ta Najeriya kuma tana gabas, tafiyar da ba ta kai a ɗauki guzuri ba. Kuma tun da aka ɗora gada a kan kogin a 1958, mafi yawan kayan da ake sauke wa Nijar a tashar jiragen ruwa ta Kotono ta nan suka riƙa bi kafin su kama hanyar Doso da Yamai. Sa'an nan ga fataucin gwanjo, wanda ake jibgewa a manyan ɗakunan ajiya ana jiran masu saye daga Najeriya, ya jawo 'yan kasuwa daga nesa, Zabarmawa da Hausawa da Ibo, suka zo suka tarar da Dandawa da Kyangawa masu gari, ga kuma 'yan duwan da direbobi da masu fiton kaya da 'yan dako. Garin da ƙidayar 1977 ta iske mutanensa ba su kai dubu 10 ba, sai ga ƙidayar 2012 ta iske sun haura dubu 45. Kuma da yake kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa da dare, tsofaffin unguwanni irin su Koyze Kunda suka cika suka batse, aka shiga yanka gonaki ana mai da su filayen gini.

Wanda ya natsu ya lura da yadda ake tayar da gida a sababbin unguwanni zai ga kusan tsari ɗaya ake bi. Katanga ake fara kewayawa, tun ba a haƙa harsashin ɗaki ko ɗaya ba, domin tsoron kada a wayi gari a tarar maƙwabci ya ci kamu biyu. Sai a kafa ƙyauren ƙarfe, a yi wani ɗan ɗaki a lungu a sa mai gadi da iyalinsa, su zauna ba kuɗin haya, ladansu ke nan na tsaron siminti da rodi. Daga nan motar burji ta zo ta juye, a cika filin har ya ɗara titi tudu, yaro yana bin sahun bulo da tiyo yana ba su ruwa kowace safiya don kada rana ta fasa su, magini yana bisa yana kiran a miƙo kwaɓi. Idan an rufe ɗakuna sai a ɗora tankin ruwa a kan hasumiyar ƙarfe, a shimfiɗa farantan hasken rana a kan rufi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne ƙarafan rodin nan da akan bari a tsaye a saman gini suna tsatsa shekara da shekaru, alamar benen da mai gida ya ƙudurta zai ɗora in Allah ya buɗa. Mai wa'azi in ya gan su zai ce ga dogon buri nan a fili, magini kuwa zai ce hangen nesa ne da tattali, kuma ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu ba.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa daga nassi. Masu tsoratarwa suna kawo zargin da Annabi Hudu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi wa Adawa saboda gine-ginen da suke tayarwa a kan tuddai don wasa da alfahari kamar ba za su mutu ba. Suna kawo hadisin Jibrilu, inda aka lissafa gasar tsawaita gini tsakanin matalautan makiyaya a cikin alamomin tashin Alƙiyama. Suna kawo kuma maganar Sahabi Khabbabu a kan cewa abin da aka kashe a cikin turɓaya ba shi da lada irin na sauran ciyarwa. Masu sauƙaƙawa su ma ba su rasa abin faɗi ba, domin Annabi Salihu ya tunatar da mutanensa cewa Allah ne ya fitar da su daga ƙasa ya kuma ɗora musu raya ta, kuma an lissafa yalwataccen gida a cikin abubuwan jin daɗin mumini tare da mace ta gari da maƙwabci na gari da abin hawa mai lafiya. Fuƙaha'u ba su sha wahala wajen haɗa waɗannan ba: gini yana wajaba a kan wanda ke da iyalin da zai suturta, tun da mazauni yana cikin haƙƙin mace a kan mijinta; yana zama abin so idan masallaci ne ko makaranta ko gada; yana haramta idan an yi shi a filin ƙwace, ko da dukiyar haram, ko don a wulaƙanta wani; abin da ya saura kuma halal ne, sai dai a ƙi israfi a cikinsa.

Aikin shugabanni na gari ma a kan wannan tsakaitawa ya gudana. Sa'ad da gobara ta cinye bukkokin kara na garin Kufa, wanda aka kafa a shekara ta 17 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya yi wa mutane izinin gini da tubali, bisa sharaɗin kada kowa ya wuce ɗaki uku, kada kuma a yi gasar tsawo. Kuma a nan ƙasarmu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ba wanda zai tuhume shi da son duniya, shi ne ya cika ƙasa da garuruwan ribaɗi irin su Wurno, ya kuma rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a cikin Usulus Siyasa cewa kula da masu sana'a da gina ganuwa da gadoji da gyaran kasuwanni da hanyoyi yana cikin aikin mai mulki.

To, ni a ganina wannan tambaya ta halacci da karhanci ita ce mai sauƙi, kuma sauƙinta ne ya sa aka fi son ta a kan mumbari. Ai makomarta niyya ce, niyya kuwa Allah kaɗai ya san ta, saboda haka mai wa'azi yana iya yin awa guda yana zargin masu benaye, Alhajin da ke sahun gaba yana gyaɗa kai yana cewa a ransa da wane ake, a tashi ba wanda aka taɓa. Tambayar da ke da nauyi, wadda alƙali yake iya aunawa da zira'i, shaidu su gani da ido, ita ce ta abin da ke tsakanin gida da gida: ina ruwan wannan gini zai bi, ina tagarsa take kallo, ina hayaƙinsa zai nufa, wa ke da lungun da ke bayansa. A kan wannan ne malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka zuba ƙoƙari mai yawa, a kansa ne kuma muka fi yin sakaci, alhali littattafan suna nan a hannunmu muna haddace su.

Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan wurin da aka hana mutum ya buɗe tagar da za ta yaye maƙwabcinsa, ko ya buɗe ƙofa daidai saitin ƙofarsa, ko ya yi haƙan da zai cuce shi ko da a cikin mulkinsa ne, kuma duk an gina wannan a kan hadisin hana cuta da cutarwa wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. An ruwaito ma yadda Sayyidina Umar ya ce a gwada tagar bene: a ajiye gado a ƙarƙashinta, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci sai a toshe ta, in bai hango ba a bar mai ita. A Tunis an yi wani magini, Ibnur Rami, wanda ya rasu a ƙarni na takwas na Hijira, alƙalai suna aika shi ya duba gine-ginen da ake husuma a kansu, har ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda mai suna Al-I'ilan. Kuma ba sai mun je nesa ba, a Gwandu, wadda ƙasar Dendi, inda Gaya take, ta san ikonta, Alƙali Idrisu ɗan Halidu ya tara wa alƙalai irin waɗannan mas'aloli na katanga da hanya da magudanar ruwa tun a ƙarni na 19.

Mukhtasar na Shehu Halilu ya bi abin filla-filla, da wani adalci da ya kamata masu gini su sani domin ba duka ne a kansu ba. Ba a hana mutum ya ɗaga gininsa, ko da zai tare wa maƙwabci rana ko iska, sai fa in iskar masussuka ce. Abin da ake hana shi shi ne leƙe. Ana hana hayaƙi da wari irin na majema, amma ba a hana ƙarar sana'a irin ta masu bugun tufafi. Har wanda zai hau dabinonsa an ce ya yi gyaran murya tukuna don matan maƙwabta su kimtsa, hukuncin da mai hawan giginya a ƙasar Gaya ya san shi tun kafin a karanta masa. In aka ɗora injin wutar lantarki a kan wannan ma'auni, wanda akan kai shi can ƙarshen gida a jingina da katangar maƙwabci don kada ya dami masu shi, sai a ga ƙararsa tana iya samun mai kare ta, amma hayaƙinsa da girgizar da yake yi wa bango ba su da mafita.

Mas'alar taga ba ƙarama ba ce ga wanda ya san yadda ake zaman gida a nan. Tsakar gida ita ce ɗakin girki, ita ce wurin wanki da kitso da shan iska, kuma idan bazara ta kama, zafin Afrilu ya hana shiga ɗaki, a nan iyali duka suke shimfiɗa tabarmi su kwana, makewayi kuma sau da yawa ba shi da rufi. Ranar da bene ya tashi a maƙwabta aka buɗe masa tagogi ta kowace fuska, an mai da tsakar gidan nan tamkar bakin kasuwa, matan da suke sakewa a cikin gidansu sun koma yafa mayafi don su ɗauko ruwa a randa, ba a taɓa ko taƙi ɗaya na filinsu ba amma an rage musu gidan da rabi. Ruwan sama ma haka. Gaya tana cikin yankin da ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, kuma ruwa ba ya ɓacewa don an cika fili da burji, hanya kawai yake sakewa. Duk wanda ya ɗaga gidansa ya saki indararo a lungu, ba tare da an haƙa lambatu ba, ya aika da rabonsa na damina zuwa ga wanda ya fi shi kwari, wanda galibi shi ne mai ginin laka, wanda kuma gindin bangonsa ba ya jure kwanan ruwa.

Yanzu sai mu zo ga kayan more rayuwa da ake alfahari da su, rijiyar burtsatse da tanki da wutar hasken rana da na'urar sanyaya ɗaki, domin a cikinsu akwai wata mas'ala da ta wuce fiƙihu ta shiga hikima. Ibn Haldun ya kafa bayaninsa na zaman al'umma a kan cewa mutum ɗaya ba ya iya samar wa kansa ko abincin yini sai da hannun wasu, saboda haka bukata ce asalin taruwar mutane wuri guda. A tsohon gari ana ganin gaskiyar wannan kullum: rijiya ɗaya ce ta unguwa, a bakinta mata suke jin wadda ta haihu da wadda ba ta da lafiya, ana aiken yarinya ɗibar wuta, ana aron turmi da tsani, kuma ta wannan shige da fice ne ake gane gidan da yau ba a ɗora tukunya ba, a aika da ƙwarya ba tare da an roƙa ba. Shari'a ta yi wa wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa yana jin yunwa gargaɗi mai tsanani, amma an ɗaure gargaɗin da sani; gidan da ya wadatu da ruwansa da wutarsa, ya rufe ƙyaure, mai shi yana fita a mota yana komowa a mota, ya toshe duk kafofin da sanin zai shigo masa, sai ya zama ya kuɓuta daga laifi ta hanyar jahilcin da shi ya gina shi da kuɗinsa. Ko irin wannan rashin sani uzuri ne a wurin Allah, wannan ita ce tambayar da nake so malamanmu su tsaya a kanta.

Kada a fahimce ni a kan ina yabon wahala. Matar da aka hutar da ita daga jan guga ba ta yi asarar komai ba sai ciwon baya, kuma lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gidajen da ke da farantan rana su ne suka zama wurin cajin waya da samun ruwan sanyi ga unguwa. Da yawa daga masu burtsatse kuma sukan fito da kan famfo waje ta jikin katanga don jama'a su ɗiba, suna koyi da Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, Allah ya saka musu. Sai dai a lura da bambanci: famfon waje sadaka ce, mai ita yana iya rufewa ranar da ya ga dama, ko magadansa su rufe bayansa, kuma mai ɗiba yana ɗiba ne da godiya da sunkuyar da kai; lambatu da hanya da suturar gida kuwa haƙƙi ne, ba a gode wa mutum don ya bayar da su. Yana yiwuwa ƙwarai mutum ya yi fice a sadaka alhali yana danne haƙƙi, famfonsa yana shayar da unguwa ta gaba, indararonsa yana rushe bango ta baya, kuma an san nafila ba ta ɗauke farilla.

Akwai wani salon zama da ya yaɗu a manyan birane irin su Legas da Abuja da Abijan, wanda duk garin da kuɗi ya shiga yake hanƙoro a kansa, watau rukunin gidaje a cikin katanga ɗaya, ko dogon bene da kowa ya mallaki sashensa, ƙofa ɗaya, mai gadi ɗaya, tanki da filin wasan yara da wurin ajiye motoci duk na tarayya, kowane mai gida yana biyan kasonsa na gyara. Wasu suna ɗauka baƙon abu ne ga shari'a, alhali ba haka ba ne. Malamanmu sun halatta a sayar da sararin da ke bisa gini, har da sararin da ke bisa wancan, muddin an siffanta ginin da za a ɗora, domin asali wanda ya mallaki ƙasa ya mallaki abin da ke samanta; sun kuma ce gyaran hawan ƙasa yana kan mai shi, in ya ƙi a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara, don kada na sama ya rufto. Abin sha'awa, sa'ad da kotun duniya ta Hague ta raba gardamar iyaka tsakanin Nijar da Benin a 2005, ta ba Nijar tsibirin Lete, da aka zo kan gadojin Gaya da Malanbil sai ta ce iyakar da ke bisa gada tana bin wadda ke cikin ruwa a ƙarƙashinta, ƙa'idar da ɗalibin Mukhtasar ba zai yi mamakinta ba.

Kuma gaskiya irin wannan rukuni yana da wata falala da unguwar yankan filaye ba ta da ita, domin ya ɗauki abin da ke tsakanin gidaje ya rubuta shi a takarda, ya sa masa mai kula da kuɗin gyara, har lambatu ya sami uba. Aibinsa yana wani wuri. A mazhabarmu haƙƙin shuf'a, watau fifikon sayen kason da aka sayar wa wani, na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, maƙwabci ba shi da shi, saɓanin Hanafawa da suka ba shi. Ma'ana, Malikiyya ba su ba mutum ikon zaɓen wanda zai zauna kusa da shi ba, wanda Allah ya kawo shi ne maƙwabci. Alƙur'ani da ya yi wasiyya da maƙwabci ya ambaci na kusa ya kuma ambaci na nesa baƙo, malamai kuma suka ce ko wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙin maƙwabtaka cikakke, abin da garin iyaka irin Gaya, mai coci da masallaci da harsuna barkatai, ya rayu a kansa. Katangar rukuni kuwa tana tace maƙwabta da farashi, ba mai shiga sai wanda aljihunsa ya yi daidai da na sauran, sai kowa ya sami maƙwabcin da ba zai taɓa bukatarsa ba. Amma magabata sun ce maƙwabtaka tana kaiwa gida 40 ta kowace fuska, wasu suka ce duk wanda ke jin kiran salla ɗaya da kai, kuma ban san wanda ya ce ƙidayar tana tsayawa idan ta iso katanga ba; ashe ke nan masu rumfunan da ke jingine a bayan bangon, da mai gadin da ke kwana a ƙofa, suna cikin lissafi.

Akwai kuma wanda ya riga kowa zama a wurin, manomin da gonarsa ta zama unguwa. Akan ba shi wasu filaye daga cikin abin da aka yanka a matsayin diyya, ya sayar da su ɗaya bayan ɗaya don aurar da 'ya'ya da sayen hatsin da a da shi ke nomawa, ƙarshe wani ya koma lebura a kan ƙasar da ya gada. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Ta'alimur Radi, ya yi bayanin hanyoyin da ake keɓantuwa da ƙasa, a ciki har da harimi, watau abin da gari ke bukata a kewayensa na makiyaya da wurin itace, wanda ba ya halatta wani ya mallake shi shi kaɗai. Filayen da ake warewa a taswira don makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta su ne harimin wannan zamani, kuma duk hukumar da ta yanka su ta sayar, a kowane gari take, ta sayar da abin da ba nata ba ne, wanda ya saya yana sane kuma ba takardar da za ta wanke shi.

Dukiyar iyaka kuma ba ta da alƙawari. Najeriya ta rufe iyakokinta a 1984, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sa'an nan aka datse gadar Gaya a 2023, ta ci gaba da zama a rufe har bayan da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkumin da ta sa wa Nijar a Fabrairun 2024, mutane da kaya suka koma kan jiragen ruwa. Kowace rufewa tana barin gine-gine a tsaye rabi da rabi, mai su ya koma garinsu ko jari ya karye, kango ya zama juji da matattarar ruwa da sauro da maɓoyar ɓata-gari, cutar tana kan waɗanda ke zaune, wanda za a kai ƙara kuwa ba a san inda yake ba.

Abu na ƙarshe da ya kamata a faɗa wa mutane a sarari shi ne hukuncin shiru. Malamanmu sun yi saɓani a kan wanda aka yi masa cuta a gini yana gani, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru har lokaci ya tsawaita: wasu suka ce in an kai shekara 10 ƙararsa ta faɗi, tagar ko indararon ya zama haƙƙin mai shi, wasu suka ƙara wa'adin, wasu kuma suka ce ba a mallakar cuta da daɗewa, musamman irin wadda take ƙaruwa kullum kamar ta masai da majema. Mu kuwa mutane ne masu kara. Talakan da Alhaji ya ɗora masa bene ba zai iya zuwa ya ce a toshe taga ba, balle shi da yake shan ruwan famfonsa, ko ɗansa yake yi masa aiki a kasuwa. Zai je ya yi barka da arziki, ya yi addu'a Allah ya sa a shiga a sa'a, ya komo gida ya ƙara wa makewayi zana. Alƙalin da zai lissafa wannan kawaici a matsayin yarda, ya riƙi ƙaulin shekara 10, ya kamata ya fara binciken ko shirun na zaɓi ne ko na jin nauyi, domin fuƙaha'u da kansu sun sharɗanta rashin abin da ke hana magana, kuma da yawa daga benayen sababbin unguwannin Gaya sun riga sun cika wannan wa'adi ko suna dab da cika shi.